Sunan da ke Jikin Takarda

A shekara ta uku da ɓarkewar babban yaƙin Turawa, wata Laraba da la'asar, mai shela ya zagaya Tudun Wada yana cewa soja na neman samari masu ilimin boko. Ba don ɗaukar bindiga ba, in ji shi, don aikin injiniya ne: gina gada, fasa hanya, jan ruwa, kafa bariki.

Mahmudu magini yana kan katanga a lokacin, ɗansa Kailani yana ƙasa yana jefo masa tubali. Sai ya ji tubali ya daina zuwa. Da ya leƙa, ya ga saurayin tsaye da tubali a hannu, yana bin muryar mai shela da kunne har ta ɓace wajen kasuwa.

"Kai," in ji Mahmudu, "ƙasa na bushewa."

Haka yake kiransa, "kai". In kuwa yana magana da wasu, sai ya ce "yaron nan". Kailani ɗan farinsa ne, kuma shekara goma sha tara ke nan bai taɓa buɗe baki ya faɗi sunansa ba. Haka ya taso ya tarar ana yi. Uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya yabonsa, ba ya shigar masa faɗa. Wan uba ne mai iko da shi. A gidansu kuwa wan uba shi ne Malam Nagoda, maigida, wanda ke karɓo aikin gini, ya raba wa kowa nasa. Shi ne Kailani ke kira Baba. Mahaifinsa kuwa, Baba Ƙarami.

Washegari Kailani ya je ofishin da aka liƙa sanarwar, ya kwafo sharuɗɗan a takarda. Bayan azahar ya durƙusa a zaure gaban iyayen nan biyu ya karanta musu. Ana son wanda ya gama makarantar Midil, ya zo da takardar shaidarsa. Zai zauna jarrabawar lissafi da Turanci. In ya ci, likita zai auna tsayinsa da faɗin ƙirjinsa, ya duba ido da haƙori. Ana so a ce hannunsa ya san wata sana'a, gini ko ƙira ko aikin katako. Sai wasiƙar mai unguwa mai cewa ba a san shi da mugun hali ba. A ƙarshe ya zo da shaidu biyu daga danginsa, a gabansu zai dangwala babban yatsa a littafin soja kusa da sunansa. Daga ranar ya zama nasu, su ba shi kaki da albashi, su koya masa awo da zane, ya fito da sana'ar da ko bayan yaƙi gwamnati za ta riƙe shi.

Mahmudu yana sauraro yana ƙirgawa da yatsu a ƙarƙashin rigarsa. Babu sharaɗi ɗaya da yaron nan bai cika ba. Ya gama Midil bara. Lissafi kuwa, shi ne ya gyara musu bakan gizon soron Alhaji Isiyaku a Gyallesu, wato lanƙwasar ginin da ke riƙe rufi, da igiya da tsinke ya zana shi a ƙasa, azara ta hau ta zauna daram. Mahmudu ya ji ƙirjinsa ya cika, ya yi maza ya sunkuyar da kai kada a gani a fuskarsa.

Nagoda ya ce a maimaita masa wajen albashi da kaki. Aka maimaita. Ya shafa gemu, ya ce madalla, a bari ya yi shawara. Takardar shaidar dai tana cikin adakarsa tun ranar da aka kawo ta, makullin kuma yana rataye a wuyansa.

A nan ne gaban Mahmudu ya faɗi, don ya tuna abin da ke jikin takardar.

Shekara tara da suka wuce, da aka ce kowane gida sai ya ba da yaro ɗaya a sa shi makarantar boko, sunan da mai unguwa ya rubuta a gidansu shi ne Salmanu, ɗan Nagoda na cikinsa. A wancan zamani wanda aka ɗauki ɗansa boko har jaje ake zuwa yi masa. Ranar da dogari ya zo, Nagoda ya riga ya tura Salmanu ƙauye wajen kawunsa. Ya kamo hannun Kailani ya miƙa, ya ce masa, "In an kira Salmanu, ka amsa." Mahmudu yana tsaye a bakin zaure, bai ce uffan ba. Shekara takwas Kailani yana amsa sunan wani, ya sha bulala da sunan, ya ci kyauta da sunan. Da ya gama, abin da aka rubuta a takarda shi ne Salmanu Nagoda.

Kwana uku bayan karatun sharuɗɗan, Nagoda ya tara su da hantsi. Salmanu ma yana nan, ya jingina da bango yana sakace. Ya girmi Kailani da shekara guda, ƙato ne, ƙirji kamar ƙofa, amma bai san alif na boko ba, gini ma sai ya ga dama yake zuwa. Ya fi son yini a Sabon Gari.

Nagoda ya ce ya yi shawara. Salmanu ne zai tafi. Kailani zai je ya zauna jarrabawar, tun da dai shi ya saba da amsa sunan, kuma a ofishin cikin gari ake yin ta. Awon likita da dangwale kuwa a bariki ne, wata rana daban, gaban wasu mutane daban. Ranar sai mai suna ya je da kansa.

Kailani ya ɗaga kai ya dubi mahaifinsa. Mahmudu ya dubi tabarma.

"Baba," in ji Kailani a hankali, "ni na yi karatun."

"Wa ya ce ba kai ka yi ba? Wa ya ciyar da kai kana yi? Wa ya ɗinka maka farar rigar da kake zuwa da ita? Je ka buɗe takardar ka karanta mini sunan da ke jiki, tun da kai ne mai karatu."

Daga nan ya sassauta murya, ya shiga kawo dalilai. Ya ce gida ɗaya ne, abin da Salmanu ya samo tukunya ɗaya zai shiga. Ya ce Salmanu ya fara lalacewa, in ba soja ba babu mai miƙar da shi, ko Kailani yana so ya ga ɗan'uwansa a gidan yari? Ya ce ilimi a kai yake, ba a takarda ba, mai ilimi ko ina zai ci abinci. Ya ce bayan Mahmudu ya fara ciwo, in Kailani ya tafi wa zai jefa tubali, wa zai zana bakan gizo? Ya ce ma gata yake yi masa, don yaƙi ake yi, ba a san mai dawowa ba, shi ya zaɓi ya miƙa nasa ɗan ya bar na ƙaninsa a inuwa. Yana faɗin wannan har muryarsa ta yi rawa, kamar shi ma ya yarda.

Ya juya ya ce, "Mahmudu, ko kana da magana?"

Mahmudu ya ce, "Yaya, ɗanka ne. Yadda ka yi daidai ne."

Bakinsa ne ya faɗa, kamar yadda yake amsa sallama. Sai bayan ya fito ya ji nauyin maganar.

Da rana, da matarsa Hajo, uwar Kailani, ta kawo masa fura, ba ta aje kwaryar ta fita ba kamar yadda ta saba. Ta tsaya a bakin ƙofa. Ita ma ba ta taɓa faɗin sunan yaron ba, ko ɗaukarsa ba ta yi a gaban mutane yana jariri. Ta ce ta ji abin da aka yanke. Ta ce wancan karon da aka miƙa shi ga dogari, kwana bakwai tana kuka a bayan rumbu, ba ta bari kowa ya gani ba, don an ce kunya. Yanzu abin da aka jefa shi ciki ya zama zuma, an zo an ce ba nasa ba ne.

"Ni mace ce, ba a kira na zaure," in ji ta. "Kai fa, Malam? Kana can aka yi."

Ya ce mata ta yi haƙuri, zai san abin yi. Ta ce shekara tara da suka wuce ma haka ya ce.

Ya san abin yi iyakar saninsa. Ba zai iya tarar wansa ido da ido a kan ɗan fari ba, sai ya bi ta hannun manya. Ya je wajen mai unguwa, ya daɗe yana gaisuwa, sa'annan ya kawo maganar a kaikaice, kamar ta wani gida ce. Mai unguwa ya gane tun kafin ya kai ƙarshe. Ya kori mutanen da ke zaune, ya ce, "Mahmudu, so kake a tuɓe ni? Shekara takwas ina shaida wa hukumar En'e cewa yaron nan Salmanu ne. Yau in je in ce ƙarya na yi? Ni da Nagoda da kai duk sai mun kwana a ɗaure." Ya ce shi wasiƙa ɗaya zai bayar, ta Salmanu Nagoda, wanda ya riƙe ta kuwa ba ruwansa.

Ya je wajen limamin masallacinsu. Liman ya ce lalle abin da nauyi, amma raba zumunci ya fi shi nauyi. Ya ce yaro ya yi biyayya, Allah zai buɗa masa wata ƙofa. Mahmudu ya so ya tambaya wace ƙofa ce za ta buɗe wa wanda ba shi da takarda, amma aka tayar da salla.

Ranar jarrabawa Kailani ya sa farar rigarsa ta makaranta, wadda ta ɗage masa a hannu. Mahmudu ya yini a kan katanga yana fatan abu biyu masu karo da juna. In yaron ya faɗi, shi ke nan magana ta mutu, takarda ta koma adaka. In ya ci, ya ci wa wani. Da yamma ya ji Kailani yana gaya wa wani lebura cewa ya shiga da niyyar ɓata amsoshin, amma da ya ga tambayar, ta nauyin da gadar katako za ta iya ɗauka, hannunsa ya ƙi rubuta ƙarya.

Samari arba'in da ɗaya suka zauna. Salmanu Nagoda ne ya zo na ɗaya.

Labari ya cika unguwa. Mutane suka riƙa zuwa yi wa Nagoda barka, yana amsawa, yana raba goro. Waɗanda suka san gaskiya sukan gaisa da Mahmudu su wuce da sauri. Salmanu ya je aka yi masa aski irin na soja tun ba a ɗauke shi ba, yana zagaya tsakar gida yana buga ƙafa yana sara wa awaki.

Sauran kwana goma dangwale, Nagoda ya ɗora wa Kailani wani aikin. Kullum bayan an tashi daga gini, ya zaunar da Salmanu ya koya masa rubuta sunansa, da ƙirga da Turanci, da 'yan kalmomin da zai amsa wa Bature. Mahmudu yakan gan su a gindin durumin ƙofar gida. Kailani, ƙasa har gwiwar hannu, yana zana baƙaƙe a turɓaya. Salmanu yana kwaikwayo da yatsan ƙafa yana dariya.

"Malam Kailani, wannan mai kama da ƙugiyar mahauta fa, me sunanta?"

"Ita ce farkon sunanka."

"To ai kai ka fi ni sanin sunana. Kar ka damu, in na zama saje zan aiko maka da tsohon takalmi."

Kailani ya share baƙaƙen ya sake zana su. A kwanakin nan ya rage cin abinci. Hajo takan aika masa da tuwo ta hannun wata, kwano ya dawo kamar yadda ya tafi. A wajen gini ya daina gyara wa kowa layi. Ya ga katanga ta karkace ya bar ta, har sai da Mahmudu ya gani da kansa ya rushe sahu uku.

Ana gobe dangwale, Laraba ce, suna kwaɓa ƙasa su biyu, leburori sun tafi ɗebo ruwa. Kailani ya tsaya da ƙafafunsa cikin taɓo. Tun da ya yi wayo bai taɓa roƙon mahaifinsa kome ba.

"Baba Ƙarami, an ce kai ne shaida na biyu gobe."

Mahmudu ya ce haka Yaya ya ce.

"Ba na ce ka yi faɗa da Baba ba. Ba na ce ka fara magana ba. Amma in an tambaye ka, ka faɗa. Shi ke nan abin da nake roƙo."

Mahmudu ya ci gaba da tattaka ƙasa. Can ya ce, "Allah ya kai mu." A ransa kuwa ya yi rantsuwa. In dai an tambaye shi, zai faɗa, ko da za a kore su daga gidan. Ya ma shirya kalmomin. Yana taka ƙasa yana maimaita su.

Ranar Alhamis da sassafe Nagoda ya tura Kailani Hanwa, ya ce ya je ya tsaya a kan masu haƙo ƙasa, kada ya dawo sai an loda wa jakai ƙasar. Sa'annan su uku suka kama hanyar bariki. Nagoda a gaba da babbar riga, takarda a aljihu. Salmanu a tsakiya. Mahmudu a baya ɗauke da akwatin Salmanu a ka.

Awon likita bai ɗauki lokaci ba. Likitan ya buga ƙirjin Salmanu da yatsa ya gyaɗa kai. Aka wuce da su wata rumfa inda aka aje tebur, da babban littafi, da tawada a faifan ƙarfe. Wani Bature hafsa yana zaune a gefe yana fifita da hularsa. Mai kiran suna kuwa, da Mahmudu ya gan shi, sai da akwatin ya kusa zamewa daga kansa. Malam Obadiya ne, akawu, mutumin Wusasa, wanda ya tsare samarin ranar jarrabawa. Akawun bariki ba ya jin Hausa, shi ya sa aka aro Malam Obadiya. Nagoda bai lissafa da wannan ba. Mahmudu kuwa ya san shi, don shi ya taɓa yi masa yaɓen ɗaki.

"Salmanu Nagoda," in ji Malam Obadiya, yana murmushi tun kafin ya ɗaga kai, don yana son ganin yaron da ya zo na ɗaya.

Salmanu ya buga ƙafa ya matso. Murmushin ya ɗauke. Malam Obadiya ya dube shi daga sama har ƙasa, ya duba takarda, ya sake dubansa. Ya ce wanda ya zauna jarrabawa siriri ne, yana da tabo a gira. Nagoda ya yi dariya ya ce yara arba'in, Malam, ai ido ya gaji. Ya miƙa takardar Midil, ya miƙa wasiƙar mai unguwa. Ya ce shi ne uban yaro, ko akwai wanda ya fi uba sanin ɗansa?

Malam Obadiya ya yi wa Salmanu tambaya da Turanci. Salmanu ya amsa da abin da aka haddace masa, ya dace ko bai dace ba, Mahmudu bai sani ba. Baturen ya ce wani abu cikin ƙosawa, yana nuna layin da ke bayansu. Malam Obadiya ya roƙe shi ɗan lokaci, sa'annan ya juyo.

"Malam Mahmudu, na san ka, ba ka cin amanar aiki. Kai ne shaida na biyu. Ba na tambaye ka sunansa ba. Wannan yaron da ke tsaye, shi ne ya yi Midil, shi ne ya zauna jarrabawa a gabana?"

Ga tambayar ta zo, a sarari, babu inda za a ɓuya. Mahmudu ya sauke akwatin. Kalmomin da ya shirya suna nan a bakinsa: ba shi ba ne, ɗana ne ya yi, sunansa kaza. Amma sai ya ga duk maganar a kan kalma biyu ta tsaya, "ɗana" da sunan, kuma duka biyun bai taɓa furta su ba ko a cikin ɗaki, balle a gaban wansa, gaban Bature, gaban iyayen yara fiye da talatin da suka zuba masa ido. Ya ji kamar an ce ya tuɓe riga da wando a tsakiyar kasuwa. Ya hango yadda za a riƙa faɗa a Tudun Wada, cewa Mahmudu ya tona wa wansa asiri saboda ɗan cikinsa, ɗan ma na fari, ya sa an ɗaure maigida. Nagoda bai ko harare shi ba. Ya dai gyara tsayuwa ya ce a hankali, "Mahmudu, ana jiranka."

Mahmudu ya dubi ƙasa. Ya ce, "Yaya ne babba. Abin da ya faɗa shi ne."

Malam Obadiya ya daɗe yana kallonsa. Sa'annan ya ja faifan tawada ya tura gaban Salmanu. Babban yatsa ya shiga tawada, ya sauka a littafi. Nagoda ya dangwala nasa. Mahmudu ma aka kama hannunsa aka dangwala. Aka zare takardar Midil aka liƙa ta cikin fayil.

Da suka dawo, Kailani yana ƙofar gida yana sauke jakai. Bai tambayi kowa kome ba. Hannun mahaifinsa kawai ya duba, ya ga shuɗin tawada a babban yatsa, ya koma kan jakunan. Mahmudu ya wanke yatsan da toka, ya goge da dutse, kwana huɗu tawadar ba ta fita ba.

Ba a yi wata biyu ba asiri ya fara fita da kansa. Aka ba Salmanu igiyar awo ya kasa karanta ta. Aka ba shi zane ya riƙe shi a kife. Sojojin ba su tsaya binciken yadda aka yi ba, yaƙi ake yi, ga ƙato mai ƙarfi ya riga ya dangwala. Suka cire shi daga ajin masu koyon awo, suka mai da shi cikin masu ɗaukar kaya da haƙa rami, aka sa su a jirgin ƙasa zuwa Ikko, daga can aka ce sai ƙasar Bama, can ƙetaren teku. Wani ya rubuto masa wasiƙa gida, yana cewa a yi masa addu'a, kafaɗunsa duk sun sale. Kailani aka kira ya karanta wasiƙar a zaure, shi aka sa ya rubuta amsa.

Nagoda ya ce laifin Kailani ne. Kwana goma yana koya wa ɗan'uwansa, da ya koya masa da zuciya ɗaya da ba haka ba. Ya ce baƙin ciki ne ya jefa masa ɗa cikin wahala. Daga ranar ya daina amsa gaisuwarsa, ya kuma cire shi daga zanen bakan gizo, ya mai da shi kwaɓa ƙasa tare da leburori.

Kailani ya je wajen Malam Obadiya sau ɗaya. Mutumin ya ba shi kujera, ya saurare shi har ƙarshe. Ya ce ya sani, tun ranar ya sani. Amma takarda ta shiga fayil, fayil ya bi mai yatsa. Makaranta ba za ta ba da wata ba, in ma ta bayar, sunan da ke littafinta za ta rubuta, mai sunan kuwa yana bakin daga. A duk littattafan gwamnati babu wani Kailani da ya taɓa shiga aji. Ya ce, "Na buɗe ƙofa ranar nan, ɗana. Mutum ɗaya nake jira ya ce a'a."

Da aka sake shela bayan damina, ana neman wasu samarin, Kailani yana cikin ramin ƙasa. Bai ɗaga kai ba.

Mutanen unguwa sun yaba wa Mahmudu. Sukan ce ga mutum mai kara, mai kunya, wanda bai fifita ɗansa a kan ɗan wansa ba. Har misali ake yi da shi in 'yan'uwa sun yi rigima. Ba wanda ya tambaya wa ya biya wannan yabo. Nagoda ya ɗauki abin da ba nasa ba sau biyu, da farko ya ɗauki yaro ya fanshi nasa, daga baya ya ɗauki guminsa na shekara takwas, kuma kowane karo da dalilinsa mai daɗin ji. Mai unguwa ya tsare rawaninsa. Liman ya tsare zumunci. Mahmudu ya tsare kunyarsa. Kowa ya fita da abin da ya shiga da shi, ban da mutum ɗaya. Kunya an yi ta ne don kada uba ya ɓata ɗa da shagwaɓa. Ba a yi ta don uba ya tsaya yana kallo a yashe ɗansa ba. Amma wanda aka horar shekara da shekaru kada ya ce "ɗana", ranar da kalmar za ta ceci yaron sai ya neme ta ya rasa.

Wata ranar bazara, rana ta take, suna aikin wani soro a Gyallesu. Bayan Mahmudu ya hana shi hawa, don haka yau shi ne a ƙasa, Kailani a kan katanga. Leburori sun tafi inuwa. Mahmudu ya ɗauki tubali, ya ɗaga kai ya dubi saurayin, ya ga yadda wuyansa ya rame, ya ga tsohuwar farar rigar makaranta da ta zama ta aiki, ta rine da jar ƙasa. Bai shirya ba, bai yi shawara ba. Bakinsa ya buɗe.

"Kailani."

Sunan ya fito kamar na baƙo. Saurayin bai juyo nan da nan ba. Ya gama daidaita tubalin da ke hannunsa, ya shafe shi da ƙasa, sa'annan ya leƙo.

"Ashe ka san shi, Baba Ƙarami," in ji shi, ba da faɗa ba. "Ranar Alhamis ɗin can, a bariki, ake nemansa."

Ya miƙo hannu biyu.

"Jefo. Ƙasa na bushewa."